RA'AYI: Labulen amarya ya yi kyau, amma sanyi na shiga ɗaki

Wanda ya taɓa kwana a Riruwai ko Falgore a cikin watan Janairu ya san sanyin Ƙaramar Hukumar Doguwa ba irin na cikin birnin Kano ba ne. Ƙasar tudu ce, ga duwatsu ga daji. Da asuba ruwan buta kan gagari alwala sai an ɗumama shi. A Tudun Wada ma haka abin yake, a garuruwan da ke bakin madatsar ruwa ta Tiga a Bebeji kuwa, iskar da ke tasowa daga kan ruwa ta isa ta sa magidanci neman bargo na biyu.

A daidai wannan lokaci ne kuma ake yawan bukukuwan aure, domin an girbe shinkafa da masara, kuɗi ya shigo hannu. Idan aka leƙa ɗakin amarya ranar jere, abin da zai fara ɗaukar ido shi ne labule: dogo tun daga silin har ƙasa, mai ƙyalli, an yi masa tattara, an haɗa shi da wani shara-shara a bayansa, kalarsa ta dace da ta kujeru da zanin gado. 'Yan jere su yaba, a ɗauki hoto a tura wa dangi ta WhatsApp. Da dare ya raba sai iskar hunturu ta biyo ta tsakanin gilasan luba, ta ɗaga labulen nan kamar tuta, ta wuce kan gado. Da safe a tashi da mura, a share ƙura a kan madubi.

An kashe kuɗi, kuma ba kaɗan ba, amma in ban da kare ɗaki daga idon mai wucewa, labulen bai yi wani aiki ba.

Akwai wani nau'in labule da ya fi dacewa da wannan yanki, kuma telan unguwa zai iya ɗinka shi da keken da yake da shi, da kayan da ake samu a kasuwar kusa. Turawa na kiransa labulen Rumawa. Ana danganta sunan da manyan rumfunan ƙyalle da mutanen tsohuwar daular Rum suke ja da igiya su yi wa 'yan kallo inuwa a filayen wasanninsu. Ba a zuge shi gefe kamar wanda aka saba gani. Shimfiɗaɗɗe ne, daidai girman taga, idan aka ja igiya sai ya riƙa ninkewa yana hawa sama hawa-hawa, idan aka saki ya sauko ya rufe tagar ruf. Wanda ya san asabari ya riga ya san rabin labarin, bambancin kawai shi asabari naɗe shi ake yi, wannan kuma ninkewa yake yi.

Samfurin da ake magana a kansa a nan shi ne mai ciko, wato wanda aka sa wa auduga a tsakiya aka bi shi da layukan ɗinki. Irinsa ya yaɗu a yankunan Amurka masu tsananin sanyi bayan rikicin man fetur na 1973, lokacin da kuɗin ɗumama gida ya yi tsada mutane suka shiga neman dabara. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa kusan kashi 30 cikin 100 na ɗumin da ake samarwa a gida ta tagogi yake zurarewa. Gidajensu daban ne da na Kiru ko Doguwa, wannan gaskiya ne, amma gilashi dai gilashi ne a ko'ina, kuma nasu ma mai ruɓi biyu ne, ba luba mai kafofi ba.

Tambayar da dattijo zai yi ita ce: da can da me aka yi maganin sanyin? Amsar tana jikin ginin. Soron ƙasa bangonsa mai kauri ne, rufinsa azara da ƙasa, tagarsa ƙarama ce can sama. Da rana bangon ya sha zafi, da dare ya riƙa sakinsa a hankali. A ƙofa a saki asabari, a lulluɓa da gwado, shi ke nan. Yau ginin ya koma bulo da siminti da kwano, tagar ta zama ƙafa uku ko huɗu, an sa mata luba ko gilashi mai zugewa. An ɗauko fasalin gidan da aka tsara shi da tunanin akwai fanka da na'urar sanyaya ɗaki, aka ajiye shi a garin da wutar lantarki baƙuwa ce. Mutanen Arewa ba su manta da watan Oktoban 2024 ba, lokacin da lalacewar manyan layukan wuta ta jefa jihohi da dama cikin duhu na fiye da mako guda. A ƙauyuka da yawa na kudancin Kano babu wanda ya ga wani bambanci da sauran ranaku.

Tun da an faɗaɗa taga, dole a nema mata sutura mai aiki.

Yadda ake ɗinka shi ba wani boyayyen ilimi ba ne. Za a auna faɗi da tsawon taga, a ƙara kamar inci uku ko huɗu a kowane gefe domin labulen ya hau kan bango ya toshe kafar da iska ke bi. Wannan ƙarin shi ne rabin amfanin labulen, kuma shi aka fi mantawa da shi. Sai a yanka ƙyalle hawa uku. Na fuska, wanda ke kallon cikin ɗaki, zai iya zama atamfa ko shadda ko kowane yadi mai ɗan nauyi. Na tsakiya shi ne ciko: auduga da aka shimfiɗa daidai, ko siririn soso, ko ma tsohon bargo da aka wanke. Na baya, wato shafin da ke kallon waje, ya kamata ya zama fari ko mai haske, domin fari yana mayar da hasken rana, baƙi kuwa shanye shi yake yi.

Daga nan a haɗa ukun a bi su da layukan ɗinki, a miƙe ko a gicciye, yadda cikon ba zai zube ya taru a ƙasa ba. A bayan labulen a ɗinka siraran aljifai a kwance, tazarar kamar inci takwas zuwa goma tsakaninsu, a zura siririn katako ko tsagin gora a kowanne. Su ne ke sa ya ninke a miƙe ba tare da ya cukurkuɗe ba. A jikin kowane aljihu a ɗinka ƙananan zobba a jere biyu ko uku daga ƙasa zuwa sama. A ɗaure igiya a zoben ƙasa na kowane jeri, a zura ta cikin sauran har sama, ta bi ta ƙananan ƙusoshi masu ido da kafinta ya ɗaura a jikin katakon da ke riƙe da labulen, duk igiyoyin su haɗu su sauko ta gefe ɗaya. A ƙasan labulen a sa katako mai ɗan nauyi don kada iska ta yi wasa da shi. Aikin ke nan. Telan da ya iya aljihun kaftani da wuyan babbar riga ba zai kasa wannan ba.

Dalilin da ya sa yake aiki kuwa, iskar da ta maƙale a cikin auduga ba ta motsi, kuma iskar da ba ta motsi ba ta saurin ɗaukar zafi ko sanyi daga wani gefe zuwa wani. Dalilin da ya sa bargo ke ɗumi ke nan. Da hunturu a sauke shi tun kafin magariba ya riƙe ɗumin da ɗaki ya tara da rana. Da bazara, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu, a sauke na tagar gabas da safe, na yamma da la'asar, a ɗage su duka da dare iska ta shiga.

Sai batun kuɗi, wanda shi ne ya fi damun uban amarya. Labule mai tattara yana cin yadi ninki biyu ko fiye na faɗin taga, sannan ya sauka har ƙasa ko da tagar ta tsaya a ƙugu. Tagar da ba ta wuce ƙafa huɗu ba sai ta cinye yadin da zai rufe rabin bango. Shi kuwa mai ninkewa girman tagar kawai yake buƙata da ɗan abin kalmasa. Turmin atamfa yadi shida ne, faɗinsa wajen inci 45, don haka turmi ɗaya zai yi fuskar tagogi uku masu faɗin ƙafa uku da tsawon ƙafa huɗu. Tagar da ta fi haka faɗi sai an yi mata haɗi, kuma a nan ne gwanintar tela ke fitowa, domin haɗin kan iya zama ado. Har ƙyallayen da teloli ke sharewa su zubar ko su ƙona bayan ɗinkin Sallah za a iya harhaɗa su su zama fuskar labulen ɗakin yara.

Mafi yawan labulen da ake jerawa a ɗakunan amare a Kantin Kwari ake sayo shi, kuma kaso mai tsoka na yadin daga China ake shigo da shi, da dala. Tun da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, duk wanda ya aurar da 'ya ya ji a jikinsa. Ga kuɗin mota daga Doguwa ko Tudun Wada zuwa birni da dawowa, bayan cire tallafin mai a watan Mayun wannan shekarar. 'Yan kasuwar Kwari ba su yi laifin komai ba, abin da ake nema suke kawowa, kuma ko labule mai ninkewar ma a wajensu za a sayi atamfar da farin yadin. Abin da zai canza shi ne yawan yadin da za a saya, da kuma inda ladan ɗinki zai tsaya. Maimakon a sayo shi ɗinkakke daga birni, kuɗin aikin zai faɗa aljihun telan Kwanar Dangora da kafintan Tiga.

Masu ganin wannan wata baƙuwar dabara ce ta Turawa, su tsaya su kalli 'yan lifida a ranar Hawan Sallah. Lifidin da ake sa wa doki da mahayinsa ba komai ba ne illa ƙyalle hawa biyu da aka cusa wa audugar rimi aka bi shi da ɗinki. Littafin tarihin sarakunan Kano ya danganta shigo da lifidi da kwalkwali da sulke ga Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410. Wato fiye da shekara 600 ke nan ana ɗinkin ciko a ƙasar Kano, kuma ɗinki ne da aka amince masa ya tare kibiya. Masu katifar auduga da matasan kai ma wannan sana'ar suka gada, kafin katifar soso ta kore su daga kasuwa. Abin da ya rage kawai a ɗauke fasahar daga jikin doki a kai ta jikin taga. In da za a raɗa masa suna na gida, labulen lifidi ya fi labulen Rumawa daɗin faɗa.

To amma tarihin lifidi yana ɗauke da gargaɗi. Babban rauninsa a fagen yaƙi shi ne wuta, shi ya sa abokan gaba kan harbe shi da kibiya mai wuta. Audugar rimi ba ta da nauyi, ba ta saurin shan ruwa, amma da ta ga tartsatsi ta kama. Hunturu kuma lokacin gobara ne. Labule mai ciko bai kamata ya kusanci kyandir ko fitilar kwai ko maganin sauro na kunnawa ba, kuma bai dace da tagar kicin ba ko kaɗan. Soso ma ba shi da dama a nan, hayaƙinsa ya fi muni.

Gargaɗi na biyu ya fi wannan nauyi. Da yawa daga cikin gidajen karkara, idan sanyi ya tsananta, kasko ko kurfoti ake shiga da shi ɗaki da garwashi a rufe ƙofa. Gawayi na fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana sa mutum barci ya wuce daga nan. Sau da yawa kafofin luba da ake kuka da su ne ke ceton masu ɗakin ba tare da sun sani ba. Idan aka toshe tagar da labule mai kauri aka kuma bar garwashi a ciki, an gyara abu ɗaya an ɓata wanda ya fi shi. Amfanin labulen shi ne a daina buƙatar kaskon, ba a haɗa su biyun ba. Haka kuma da bazara, lokacin da jami'an lafiya ke ta jan kunne a kan sanƙarau da cunkoso a ɗaki marar iska, labulen na rana ne, da dare a ɗage shi. Ba kuma zai maye gurbin ragar taga ko gidan sauro ba.

Na uku shi ne igiya. A watan Disambar 2009 hukumar kare lafiyar masu sayen kaya ta Amurka, CPSC, ta sanar da janye labulaye masu ninkewa da masu naɗewa sama da miliyan 50 domin a gyara su, saboda ƙananan yara sun riƙa shaƙewa da igiyoyinsu. A gidan da yara ke rarrafe ta ko'ina, wannan ba abin wasa ba ne. Maganinsa mai sauƙi ne: a kafa maɗauri can sama inda hannun yaro ba ya kaiwa, a riƙa naɗe igiyar a jikinsa, kada a bar ta tana reto, kada kuma a ajiye gadon yaro a ƙarƙashin tagar. Igiyoyin bayan labulen ma a rufe su da ƙyalle. Wanda bai yarda da igiyar ba gaba ɗaya, sai a yi masa marar igiya, a ninke shi da hannu a maƙale da gajerun maɗaurai masu maɓalli. Telan da zai koyi ɗinkin nan, da wannan ya kamata a fara masa.

Kada kuma a yi wa mutane alƙawarin da labule ba zai cika ba. A ɗakin kwano marar silin, yawancin zafin daga sama yake saukowa, sanyin ma ta can yake shiga. Mai irin wannan ɗaki ya fara da silin, ko da na tabarma ko kwali ne. Sannan abin da ya tare ƙura, a jikinsa take zama, don haka sai an riƙa kakkaɓe shi ana shanyawa a rana, musamman da damina a Doguwa inda ruwa ya fi na birni yawa, in ba haka ba ya yi fumfuna ko ya zama gidan kuɗin cizo. Tela mai hankali zai ɗinka shi yadda za a zare katakan a wanke.

Akwai kuma abin da ya fi duk waɗannan wuya, wato idon mutane. Uwar amarya ba sanyi take tsoro ba, gorin dangin miji take tsoro. Labule gajere, komai amfaninsa, za a iya cewa rowa ce ko talauci. Ba a yin gardama da wannan, sai dai a bi da shi. Babu abin da zai hana a sa mai ninkewar a jikin taga ya yi aiki, a bar mai ƙyallin a falo ya karɓi baƙi. Kuma ado abu ne mai juyawa. Ranar da aka ga labulen shadda mai aikin zare a ɗakin 'yar wani babba, ranar za a fara tambayar wane tela ne ya ɗinka.

Wannan ya kawo maganar masu riƙe da madafun iko. Kiru da Bebeji mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai ta Tarayya, Doguwa da Tudun Wada ma haka. A nan da sauran sassan Arewa, rabon keken ɗinki ya zama kamar farilla a duk taron tallafa wa mata da matasa. A raba, a ɗauki hoto, a watse. Wasu kekunan washegari suke isa kasuwa. Waɗanda suka riƙe nasu kuma sai su tarar kowa a layin riga da siket yake ɗinkawa, ciniki kuma sai Sallah ko biki. Ba keke ne ya yi ƙaranci ba, abin ɗinkawa da zai samu mai saye a watannin da babu Sallah shi ne babu. Horon mako biyu a kan abu guda, da ma'auni da zobba da igiya da yadin gwaji, zai fi amfani a kan ƙarin keke ɗari.

Akwai ma cibiyoyin ɗinki da gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta fara kafawa a ƙananan hukumomi 44 na jihar a wa'adinta na biyu, waɗanda gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta yi alƙawarin farfaɗo da su. Kayan makaranta kaɗai ba za su riƙe irin waɗannan cibiyoyi shekara guda cur ba. Ga ɗakunan haihuwa na ƙananan asibitoci, inda jariri sabon haihuwa ke kwana kusa da tagar da gilasanta suka zube. Ga ɗakunan kwanan ɗalibai a makarantun kwana. Idan ƙaramar hukuma ɗaya ta ba telolin garinta kwangilar tagogin asibitocinta, ta samar musu da kasuwar farko, kuma duk matar da ta je awo za ta ga labulen da idonta, ta taɓa shi, ta tambayi kuɗinsa.

Ba sai an jira gwamnati ba ma. A 'yan shekarun nan Babbar Sallah na faɗowa ne a farkon damina, daga nan kekunan teloli su yi shiru har zuwa kaka. Watannin nan sun isa tela ya gwada a tagar shagonsa, ya ɓata na farko, ya gyara na biyu, ya san audugar da taga ɗaya ke ci da farashin da zai faɗa. Zuwa ƙarshen Nuwamba, lokacin da hazo zai fara rufe dutsen Riruwai, masu aurar da 'ya'ya sun sayar da shinkafa sun fara lissafin kayan ɗaki.